Wata Bakwai a Ɗakin Baya

Ranar da aka sallami Safiyatu daga asibiti, lokotoro bai bar su sun tafi ba sai da ya zaunar da mijinta Mutari a bakin gadon ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce motar da ta bugi kabu-kabun da take kai a gadar Harobanda ta karya ƙashin baya, laka ta tsinke, ƙafafun ba za su dawo ba. Amma daga ƙugu zuwa sama lafiyarta ƙalau, kuma mace mai sana'ar hannu irinta tana da sauran rayuwa mai tsawo a gaba.

"Ka saurare ni da kyau," in ji lokotoro. "Daga nan zuwa ƙasa ba ta jin komai. In fatarta ta fara ci, ba za ta sani ba. Kada a bar ta kwance a gefe ɗaya fiye da awa uku. Ta sha ruwa sosai, a riƙa canza robar fitsari kan lokaci. Talata da Alhamis a kawo ta wajen masu motsa jiki, su za su koya mata zama a keken guragu da tashi da hannunta."

"To, lokotoro," in ji Mutari. "In sha Allahu."

Safiyatu ta riƙe kowace kalma. Mutari kuwa idonsa na kan makullin taksin da ke hannunsa.

Gidansu a Banifandu yake, gidan Hajiya Rabi mahaifiyar Mutari, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da gida da suna a cikin 'yan Maraɗin unguwar. Da, ɗakin Safiyatu yana gaba, tagarsa na kallon titi. Da aka shigo da ita a kan tabarma, sai ta ga an wuce ƙofar ɗakinta, an wuce madafa, an kai ta wani ɗan ɗaki da ke jikin magaza, inda ake ajiye buhunan hatsi da tsofaffin tukwane. An shimfiɗa katifa a ƙasa, an rufe ta da leda. Taga ɗaya ce, can sama, tana kallon katangar maƙwabta.

"Nan ya fi miki, ɗiyata," in ji Hajiya. "Babu hayaniya, ga bayi kusa. Kafin ki tashi ne."

Safiyatu ta ce, "Na gode, Hajiya." Ba ta ga amfanin bayi kusa ga wadda ba ta iya zuwa ba.

A satin farko an yi ƙoƙari. Latifa, autar Hajiya, wadda aka sa ranar aurenta, ita aka ɗora wa aikin. Tana shigowa da safe ta juya ta, ta zubar da jakar fitsari, ta goge mata jiki. Da rana ta sake leƙowa. Zuwa sati na uku juyin ya koma sau biyu a yini, daga baya sau ɗaya, sai kuma ranar da Latifa ta je kasuwa haɗa kayan aure ba a juya ta ba sam.

Cikin wata na biyu Balkissa ta zo. Bazabarmiya ce, tela, shekara tara suna ɗinki a shago ɗaya a Kalley, keken ɗinkin Safiyatu na jikin nata. Ta shigo tsakar gida tana tura keken guragu sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba.

"Fofo, Hajiya. Matan shago ne suka haɗu suka saya wa Safiya."

Safiyatu na jin su daga ɗaki. Ta dafa katifa da gwiwar hannu tana neman ɗagowa.

Hajiya ta gyara murya. Sannan ta ce, "Allah ya yi albarka. Amma mu a gidan nan ba mu yanke ƙauna ba. Wanda ya hau wannan abu ya gama, jiki ya saba, ba ya sake tashi. Ku yi mata fatan tafiya da ƙafarta, ba fatan gurgunta ba."

"Hajiya, lokotoro ne ya ce..."

"Lokotoro ba Allah ba ne."

An bar Balkissa ta shiga ta gaida ta. Safiyatu ta riƙe hannunta gam ta ce, "Ki kawo mini aikin hannu. Jeren duwatsu a wuyan riga, sa maɓalli, ko me ya samu. Hannuwana sun gaji da zama."

Hajiya da ke bakin ƙofa ta ce, "A'a. A ce a gari mun kasa ciyar da marar lafiya, mun sa ta neman na tuwo tana kwance? Ba a gidan nan ba."

Da la'asar Safiyatu ta ji ana jan keken zuwa magaza. Ta ji an ɗaga shi an ɗora a kan buhuna, bango ɗaya tsakaninta da shi.

Wajen masu motsa jiki sau uku aka kai ta. A zuwa na uku sun koya mata yadda za ta riƙe ƙarfe ta ja kanta zaune, ta zauna minti goma cur ba tare da an tare ta ba, ta dawo gida tana murmushi. Talatar da ta biyo baya ba wanda ya zo ɗaukarta.

Mutari ya koma kwana a tsohon ɗakinsu na gaba. Yana dawowa daga aiki bayan magariba ya tsaya a bakin ƙofarta, takalminsa a ƙafa.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi. Baban Zalika, yau Talata."

"Na sani."

"An ce in na daina zuwa gaɓoɓin za su sandare."

Ya sosa ƙeya. "Safiya, kin san motar nan ba tawa ba ce. Wancan karon jakarki ta zuba a kujera. Mai mota ya ce in ya sake jin wari zai karɓi makullinsa. In na rasa aikin me za mu ci?"

"A shimfiɗa leda."

"Ba maganar leda ba ce. Ɗaukar ki ma sai mutum biyu. Kuma Hajiya ta samo wani mai magani, an ce ya tayar da wani mutum a Say da ya shekara kwance. Mu gwada wannan tukuna."

Mutumin da ke yini yana ɗaukar baƙi daga Banifandu zuwa Babbar Kasuwa, daga can zuwa hayin kogi, shi ne ya rasa yadda zai kai matarsa asibiti. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, ya riga ya juya.

Mai maganin ya zo ranar Asabar da ƙullin saiwoyi. Ya sa aka tafasa su a tukunya, ya riƙa tsoma tsumma yana gasa mata ƙafafu daga gwiwa zuwa diddige. Tururi na tashi, shi kansa yana sauya tsumman daga hannu zuwa hannu saboda zafi.

"Malam, ruwan bai yi zafi da yawa ba?" in ji Safiyatu.

"Kina ji ne?"

"Ba na ji. Shi ya sa na tambaya."

"To ai sai ya kai inda za ki ji."

Washegari da Latifa ta yaye zane, ƙafar hagu ta yi bororo tun daga ƙwauri har idon sawu. Latifa ta kira uwarta. Hajiya ta duba ta ce, "Alhamdu lillahi. Mugun ruwan ne ya fara fita."

Sau shida mai maganin yana zuwa. Da ya daina, Hajiya ta ce Safiyatu ce ba ta sa wa ranta za ta warke ba, magani kuma ba ya kama mai shakka.

Abin da ke riƙe ta a kwanakin nan 'yarta ce, Zalika, mai shekara huɗu. Tana dawowa daga makarantar yara ta faɗo ɗakin da gudu, ta kwanta a ƙirjin uwarta, Safiyatu ta tsefe mata kai ta sake kitsawa ko da kitson bai tsufa ba. Wata rana suna cikin haka Hajiya ta leƙo, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ke, fito. Ɗakin nan ba na yara ba ne. Tun shekaranjiya take tari."

"Hajiya, ki bar mini ita ko na ɗan lokaci."

"Don lafiyarta nake yi. In kin tashi ai ɗiyarki ce, ba wanda zai hana ki."

Daga ranar sai dai Zalika ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, kin tashi?" A janye ta. Bayan wani lokaci ta daina tambaya.

Bazara ta shigo da zafinta na Yamai, wanda kwanon rufi ke ƙara tun hantsi. Kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa da rana tsaka, fanka ta tsaya, ledar katifa ta manne wa baya. Latifa ta fara shigowa da ɗankwali ɗaure a hanci, ta ajiye kaskon turaren wuta kafin ta taɓa komai.

"Tanti, don Allah ki rage shan ruwan nan. Sau uku na zubar da jakar nan yau. Hannuna duk ya ɗauki wari, ga biki saura sati biyar."

"Lokotoro ya ce in sha da yawa."

"Lokotoron ne zai zubar?"

Safiyatu ta rage. Moɗa ɗaya da safe, ɗaya da yamma, leɓɓanta suka tsattsage. Fitsarin cikin jaka ya koma launin shayi mai kauri. Robar da aka ce a canza ta yi wata biyu a jikinta. Zazzaɓi ya fara zuwa yana tafiya, a ba ta ƙwaya biyu daga tebur ɗin mai shago a ce zazzaɓin sauro ne.

Ta roƙi a saya mata wayar salula, tata ta farfashe a gada. Mutari ya ce me za ta yi da ita, ga mutane cike da gida. Mahaifinta tsoho ne a wani ƙauyen Tawa, uwarta ta rasu tun tana ƙarama. In ya kira a wayar Mutari, sai a ce masa jiki ya yi sauƙi, har ta fara motsa yatsa.

Abin da ya fi ci mata rai masu zuwa dubiya. Tana jin sallamarsu, tana gane muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya: matan unguwa, dangin Maraɗi, matan da ta yi wa ɗinkin salla shekara da shekaru. A shimfiɗa musu darduma a falon gaba.

"Yanzu ta samu barci," in ji Hajiya. "Jiya ba mu runtsa ba."

"Sannu, Hajiya. Wallahi ke uwa ce. Wata da tuni ta mayar da ita ƙauyensu."

"To ya za a yi? Ƙaddara ce. Amana ce Allah ya ba mu."

Safiyatu na kwance idonta biyu, tana kallon ƙudaje na zagaya zanen da aka rufa mata. Ta lura kullum wuri ɗaya suke sauka, wajen ƙugunta. Ta lura kuma warin ɗakin ya canza, ba na fitsari ba ne kawai. Ta tura hannu ƙarƙashinta ta shafo, yatsunta suka fito da danshi mai yauƙi.

"Latifa, duba mini bayana."

Latifa ta ɗan ɗaga zanen ta sake shi da sauri. "Ƙurji ne na zafi. Na barbaɗa hoda."

"Ki faɗa wa yayanki."

"Na faɗa wa Hajiya. Ta ce a bari biki ya wuce."

Saura kwana tara bikin, ranar wata Laraba da hantsi, Safiyatu ta ji muryar Balkissa a tsakar gida. Karo na huɗu ke nan tana zuwa ana ce mata barci. Ta ji Hajiya ta fara, "Ai kin yi rashin sa'a, yanzun nan..."

Zazzaɓi na kaɗa ta, muryarta ta dushe. Ta lalubo moɗar ƙarfe ta shiga buga ta a bango da duk ƙarfin da ya rage mata.

"Balkissa! Ba barci nake ba! Balkissa!"

Ta ji takun gudu, ta ji Hajiya na cewa, "Ke, ina za ki?" Labule ya yaye. Balkissa ta tsaya cik, warin ya mayar da ita baya taku ɗaya, sannan ta shigo ta durƙusa.

"Safiya? Ke ce haka?"

"Juya ni. Ki duba ki faɗa mini gaskiya."

Balkissa ta sa hannu ta mirgina ta. Zanen ya ƙi rabuwa da jiki, sai da ta jiƙa shi da ruwan moɗar ta ɓamɓare a hankali. Sannan ta ce da harshensu, "Irkoy beeri," wato Allah mai girma, ta fashe da kuka.

"Mene ne?"

"Rami ne, Safiya. Dunƙulen hannuna zai shiga."

Hajiya ta iso ƙofa, Latifa a bayanta. Balkissa ta miƙe tana share ido. "Asibiti zan kai ta yanzu."

"Ba mai fita da matar aure daga gidan nan mijinta ba ya nan. Gida cike da baƙin biki, ki ɗauko ta a haka ki ratsa da ita gaban mutane? Ki bari dare ya yi, in ya dawo a yi shawara."

Shekara shida Safiyatu na gidan, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli Hajiya ba. Ran nan ta kalle ta.

"Hajiya, ni na ce a fita da ni."

"Haka za ki saka mana? Wata bakwai muna kwashe kashinki!"

"Na gode da abin da aka yi. Balkissa, kira taksi."

Balkissa ta fita titi ta tare mota, ta shiga gidan maƙwabta ta fito da mata biyu. Suka ɗauko Safiyatu a tabarma, rub da ciki, suka ratsa tsakar gida ta gaban masu tankaɗen gari da masu yankan albasa. Kowa ya bar abin da yake yi. Rana ta dallare mata ido, ta runtse, hawaye na zuba ba na kuka ba. Ta ji muryar Zalika daga wani wuri tana cewa, "Mama ce! Ina za a kai Mama?" Ba ta iya ɗaga kai ta gan ta ba.

Lokotoron da ya sallame ta shi ya karɓe ta. Ya duba gyambon, ya duba ƙunar ƙafa, ya duba robar fitsari, sannan ya cire safar hannu.

"Ya kai ƙashi," ya ce. "Ƙwayar cuta ta shiga jini, ƙodarki ma ta taɓu. Da kin ƙara sati, ba na jin za mu yi wannan maganar. Za ki kwanta rub da ciki wata uku, ko huɗu, wataƙila sai an yi aiki. Madam, na sallame ki da fata lafiyayya. Wannan ba haɗarin gada ya yi shi ba."

Mutari bai zo ba sai washegari da la'asar. Ya tsaya a gefen gado, ita tana kife, fuskarta a kan matashi tana kallon gwiwoyinsa.

"Ya jiki?"

Ya gyara tsayuwa.

"Safiya, abin da kuka yi jiya bai kyautu ba. Hajiya ko abinci ba ta ci ba. Unguwa duk ta ɗauka, har dangin mijin Latifa sun ji. Da kin jira ni ai da na kawo ki da kaina, cikin sutura."

Ma'aikaciyar jinya na wucewa da tiren kayan wanki. Safiyatu ta kira ta. "Madam, lokacin wankin ya yi?"

"Ya yi. Monsiye, ka ɗan fita."

"A'a, ki bar shi. Mijina ne. Ki buɗe."

Matar ta dubi Mutari, ta dubi Safiyatu, ta ja labule ta fara ɗaye auduga. Safiyatu ba ta jin abin da ake yi mata. Gwiwoyinsa kawai take gani. Ta ga sun ja baya, ta ga hannunsa ya kama ƙarfen gado.

"Innalillahi," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Safiya, wallahi tallahi ban san haka abin yake ba."

"Ni ma ban sani ba, Baban Zalika. Ni jikina ne ba ya ji, kuma ba ni da ido a baya. Kai fa?"

Ma'aikaciyar ta ci gaba da aikinta, almakashi na ƙara a cikin tire.

"In na fita daga nan, ba zan koma gidan ba," in ji Safiyatu. "Balkissa ta ce akwai ɗaki a bayan shago. Ban nemi komai a wurinka ba sai abu ɗaya. Ka kawo mini Zalika ranar Juma'a in gan ta."

Ya daɗe yana murza makulli. Sannan ya ce, "To. Bari in yi wa Hajiya magana."

An yi bikin Latifa, an cika titi da kujeru da rumfa. A wajen bikin, duk wadda ta tambayi Safiyatu an ce mata ciwon ne ya tashi, irin wannan ciwo haka yake, sai haƙuri. Wasu sun ce ƙawaye ne suka zuga ta. Wasu sun ce marar lafiya dama ba ya godiya. Har yau in ka shiga layin nan na Banifandu ka tambayi gidan Hajiya Rabi, za a nuna maka, a ƙara maka da cewa ita ce baiwar Allahn da ta yi jinyar surukarta wata bakwai ba ta gaji ba. Matan da suka ga abin da aka ratsa da shi a tabarma suna nan, ba su manta ba, amma maƙwabtaka ta hana su magana.

Ranar Juma'ar da ta sa wa Mutari, tun kafin bikin, Safiyatu ta roƙi a juya mata gado ya kalli ƙofa. Ta sa Balkissa ta sayo mataji da ɗan man kitso, ta ajiye su ƙarƙashin matashi. Aka sauko daga masallaci, masu dubiya suka cika ɗakin da kwanonin abinci da yara sanye da kayan Juma'a. Duk yarinyar da ta shigo sai ta ɗaga kai, wuyanta na ciwo. La'asar ta yi, aka fara kaɗa mutane waje.

Ma'aikaciyar jinya ta zo rufe ƙofa. Safiyatu ta ce, "Madam, don Allah ki ɗan bar ta a buɗe. Wataƙila cunkoso ne ya tare su a hanya."

Matar ta dube ta, ta dubi agogo, ta saki ƙofar ta wuce.